Garwashin Furfuri

Matso nan kusa, 'yar'uwa, kada ki tsaya can bakin ƙofa kamar baƙuwa. Akwai labarin da na daɗe ina ba mutane da baki, har 'yan gidanmu sun fara cewa na ishe su da shi. To ke dai ba ki taɓa jin sa ba, saboda haka ke na samu.

Ni ba mai fita ba ce. A nan Damba, in kika ga na sa takalmi, to ko suna ne ko gaisuwar rasuwa. Kasuwa ma aike nake yi. Amma akwai wata damina, lokacin da hanya take lafiya, ba kamar yadda ta koma daga baya ba, da na shiga tsohuwar akori-kura na bar gidana, har na kwana a wani gari, wai ina neman duwatsu. Ni fa!

Yayata ce sila. Mu biyu kaɗai muka rage a ɗakinmu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watsu wuraren aiki, sai ta dawo wurina da zama da ciwon ido ya matsa mata. Hawan jinin ido likita ya ce. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuwa, ita da kanta ta kwatanta mini, ta ce kamar mai leƙen tsakar gida ne ta kafar makulli, kuma kafar kullum ƙara tsukewa take. Likitan bai ɓoye mata ba. Ya ce magani sai dai ya rage wa ciwon gudu, in akwai abin da take son gani, ta gan shi tun yanzu.

'Ya'yanta suka yi ta bugo waya. Wannan ya ce a kai ta Umra, wancan ya ce a tara mata jikoki. Ta ce ta ga Ka'aba, alhamdu lillahi, fuskokin jikoki kuma ta haddace su har da majinarsu. Sai wata rana muna tsintar wake, ni ina tsinta da ido ita da yatsa, ta ce, "Ke, ni garwashi nika son gani."

Na ajiye faifai. Na fi shekara arba'in ban ji an kira wannan abu da sunansa ba.

Garwashi wasu 'yan duwatsu ne jajaye da muke tsinta muna 'yan mata a Furfuri, garin da aka haife mu. Ƙanana ne, daga kamar ƙwayar dawa sai wanda ya kai wake in an yi sa'a. A bushe ba su da wani kyau, sai ki ce tsakuwa ce mai duhu. Amma ki lasa, ki kara a ido, ki fuskanci rana: gona ja, shanu ja, innarki da ke kiran ki ki zo ki yi daka ita ma ja. Muna liƙa su a goshi da ƙaro, muna sa wa 'yar tsana a ido, in mun gaji mu watsar. Ba mu san abu ne ba.

Wanda ya gaya mana abu ne shi ne taubashinmu, ɗan kawunmu, tsohon direban gwamnati da ya yi ritaya ya sayi akori-kura yana ɗaukar hatsi. Tun muna yara wasa ne tsakaninmu da shi, ba ya shigowa gida sai da tsiya a bakinsa. Ya zo gaida Yaya, ya ji zancen, ya buga cinya.

"Kai, bayin nan nawa sun cuce ni! Wanga abu da kuka liƙa ma 'yar tsana, ganet sunan shi, har daga ƙasashen waje aka zuwa saye. Da kun tara min da yanzu jirgi nika tuƙawa."

"Wanda akori-kura ta gagare shi tadawa sai an tura, shi za a ba jirgi?" in ji Yaya. "Za ka kai ni ko ba ka kai ni?"

"In kai ki mi? Ke da in an aza miki tuwo sai kin laluba?"

"Ai ina ganin tumbinka, shi ya cika min kafar duka."

Ya yi dariya har da tari, amma na ji abin da ke ƙarƙashin dariyar. Ni Allah bai ba ni karatu mai yawa ba, amma ya ba ni kunne. Kafin ya tashi ya ce mu shirya jibi. Maigidana ya ce mu je Allah ya tsare, sai dai shi ba zai yarda na fita ba sai ya gani da idonsa.

Yaya ta kafa sharaɗi tun a tsakar gida. Kada a saya mata, kada a tsinto a miƙa mata, kada ma wani ya nuna mata da yatsa ko ya yi gyaran murya. Ita za ta gani, ita za ta ɗauka.

Wayyo, safiyar tafiyar nan! Na haɗa kaya kamar mai ƙaura: tabarma, buta, ƙorai biyu, ludayi, gero mudu guda da Yaya ta ce lalle a ɗauko, har da murfin tukunya ban san dalili ba. Mu uku muka matsu a gaba. Yaya ta ce Furfuri, Taubashi ya ce a'a, Tsafe, don a tasha ya ji an ce can bayan duwatsu ake haƙo irin waɗannan abubuwa buhu-buhu. Sitiyari a hannunsa yake, sai muka nufi Tsafe.

Ashe haka duniya take da faɗi? Gero ya kai gwiwa, ko'ina kore shar, mata na tafe da ƙoran nono a ka. Bakina bai rufu ba. Ina ta cewa "Yaya, dubi! Yaya, ga wani!" ita kuma tana juya kai gaba ɗaya kamar mai saita bindiga, kafin ta samu abin mun wuce. Da muka zo daidai dutsen Kwatarkwashi Taubashi ya rage gudu ba tare da an roƙe shi ba. Ta fara daga gindinsa ta bi shi da ido a hankali har sama, ta ce, "Yana nan yadda na bar shi." Muka sayi dafaffen ƙwan zabi da yaji, muna ɓarewa muna jefar da ɓawo ta taga kamar 'yan makaranta.

A Tsafe muka bar kwalta, mota na tsalle muna salati. Muka tarar da ramuka, da samari sun yi dumu-dumu da laka, kowa da diga da shebur. Da suka ga tsofaffin mata biyu sun sauko da ƙorai sai suka bar aiki suka zo kallo. Yaran kirki ne. Suka kwance ledoji suna nuna mana: wani fari kamar ƙanƙara, wani ruwan makuba, wani kore kamar fasasshiyar kwalba. Ni kuwa sai na haukace. Duk abin da ya yi ƙyalli a ƙasa na duƙa na ɗauka, na cika bakin zane har ya yi mini nauyi. Wani daga cikinsu ya duba tarin nawa ya ce, "Inna, wannan duk ƙyalli ne kawai, shi muka zubarwa." Ban zubar ba. Har yau suna cikin gwangwani a ɗakina.

Amma wurin bai yi wa Yaya ba. Rami a nan, rami a can, ba dama in saki hannunta. Babbansu ya ji abin da ya kawo mu, ya laluba aljihu ya fito da jajaye guda biyu, ya ce kyauta. Yaya ta kau da kai da sauri tun kafin idonta ya sauka a kansu.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Mayar da abinka. Nawa na can yana jira na."

Da muka koma mota ta ce wa Taubashi, "Na ce maka Furfuri ka ce Tsafe. Wa ad direba, wa am makaho?"

Muka juyo, muka ratsa Gusau. Na ga kwanar da ke shiga unguwarmu, na ga mai shayin bakin titi, kuma muka wuce ba mu tsaya ba. Sai wani irin daɗi ya kama ni, kamar na yi sata ba a gan ni ba. A Bungudu muka sauka gidan ɗiyar gwaggonmu. Da muka farka da asuba sai muka tarar an yi ruwa mai yawa, tsakar gida duk ta jiƙe. Yaya ta shaƙi iska ta ce, "Yau ne. Ruwa ya wanke min su."

Hantsi bai ɗaga ba muka isa Furfuri. Ban gane wurin ba da farko. Kurmin da muke tsoro ya zama gonaki har bakin rafi. Sai falalen dutsen da muke shanya wanki, shi kaɗai ya tsaya inda yake. Muka gaisa da mai gonar, muka gaya masa 'ya'yan wane ne mu, ya ce ai kakansa ya sha ba shi labarin babanmu, mu shiga duk inda muke so.

To ga yadda ake neman garwashi, in ba ki sani ba. Ba a haƙa. Tururuwa ke yin haƙar. In suna gina gidansu sukan fito da tsakuwa daga can ƙasa su tara a bakin rami, to a cikin wannan tarin ake samu. Sai ki bi layinsu har gida, ki tsuguna, ki tsinta a hankali. In kin gama, ki zuba musu gero cikin tafin hannu a gefe, ladan aikinsu. Haka manyanmu suka koya mana, kuma ba a ɗauka a tafi hakanan.

Na bi layi, na samu gida babba, tarin tsakuwarsa ya kai faɗin faifai, ruwa ya wanke shi tas. Na koma in kamo hannun Yaya. Kafin mu iso, Taubashi da ke riƙe da ƙwaryar gero ya juye ta kaf a kan tarin.

"Mi ka yi?" na ce.

"Na biya su tun da wuri, kada su cije min bayi."

Yaya ta tsaya cak. "Ya zuba?"

"Duka, Yaya. Bisa tarin."

"Kai dai an yi tsohon banza! Wa ya taɓa biyan lada ba a yi aiki ba? Bayan an gama aka zubawa, kuma a gefe!"

Kafin ta rufe baki tururuwa sun fito kamar an buga musu ganga. Suka rufe geron, suka rufe tsakuwar, suka hau ƙafar mai biyan lada har cikin wando. Ki ga ƙaton tsoho yana rawa a gonar mutane yana kiran sunan Allah! Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Amma da na dubi Yaya sai dariyar ta tsaya mini. Gero da tsakuwa sun cakuɗe, girmansu kusan ɗaya, ko mai ido biyu sai ya sha wuya. Muka zaga neman wani gidan, duk wanda muka samu ƙarami ne, garma ta bi ta kansa.

Sai dabara ta zo mini. Na ce, "Yaya, mu rege mana!" Ai aikinmu ne tun muna yara: ki zuba hatsi a ƙwarya da ruwa, ki yi ta juyawa kina tuttula shi cikin ɗaya ƙwaryar, tsakuwa mai nauyi ta kwanta a ƙasa. Na sa murfin tukunyar nan na kwashi tarin da sauri, ana cizo na ina kwasa, muka gangara bakin rafi kusa da falalen dutse.

Na tsuguna ina regewa, tururuwa na tasowa saman ruwa ina tsame su da ludayi ina sakewa a ciyawa. Hannu na aiki, baki na aiki. Ina ba su labarin ranar da Yaya ta liƙa garwashi a hanci ƙaro ya ƙi fita, ina kwaikwayon muryar innarmu, Taubashi na susa yana dariya. Gero ya koma ɗaya ƙwaryar fes, babu ko ƙwayar yashi. Na dubi aikina na ji daɗi. Na ɗaga ƙwaryar tsakuwa na watsar ta bayana, kamar yadda nake yi kullum a bakin rariyar gidana.

Sai Taubashi ya ce, a hankali, "Baiwar Allah, tuwo munka zo yi?"

Na dubi geron da ke hannuna. Na dubi ƙwaryar da babu komai. Shekara da shekaru hannun nan ya san abu ɗaya: hatsi ake ajiyewa, tsakuwa a zubar. Bai tambaye ni ba.

Yaya ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce kawai, "Cikin ruwa ta zuba?"

Na rufe ido na mayar da ƙarar cikin kunnena. Ba "cuɓul" na ji ba. "Tararrar" na ji.

"Bisa dutse, Yaya! Wallahi bisa dutse!"

Muka juya. Ga su nan sun bazu a kan falalen, jiƙaƙƙu, rana ta hantsi na dukan su ta gefe. 'Yar'uwa, ban san yadda zan gaya miki ba. Nan take na ga ɗaya ya yi mini ƙifce. Ga wani can. Ga wani kusa da tsagar dutse, babba, ja wur. Ihu ya taho har maƙogwarona, na cusa bakin mayafi na danne. Na harari Taubashi, shi ma ya gani, ya kama bakinsa da hannu biyu.

Yaya ta cire takalmi, ta hau dutsen da rarrafe. Ta sunkuyar da kai har hancinta na kusa taɓa shi, tana bi kaɗan-kaɗan, don abin da take gani a lokaci ɗaya bai fi bakin ludayi ba. Ta ɗauki wannan, ta lasa, ta ajiye. Ta wuce wani ja da tazarar yatsa biyu, na ji kamar in mutu. Ga dutse ya fara ɗaukar zafi, tsakuwar na bushewa, masu ƙyallin suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya," na ce, "yayyafa ruwa nuni ne?"

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "In kin yayyafa ko'ina da ko'ina, ba nuni ba ne."

Na cika buta na bi dutsen duka ina yayyafi, har inda babu komai, don kada a ce na yi son kai. Taubashi ya karɓi ƙwarya yana ɗebo mini ruwa da gudu, ya manta da ciwon gwiwarsa. Yaya kuwa tana ta bin dutsen. Ta kai bakin tsagar, ta wuce. Ta tsaya. Ta dawo da kai baya a hankali.

Yatsunta biyu suka sauka.

"Wanga fa?"

Ba mu amsa ba, sharaɗi ne. Ta lasa, ta goge a bayan hannu, ta ɗaga shi ta fuskanci rana kamar yadda muke yi da. Sai idon ya cika da hawaye, ya rufe kansa. Ta sake gwadawa, ya ƙi. Hasken ya fi ƙarfinsa.

"Ban gani," ta ce. Muryarta ta koma ƙarama. "Fari kawai nika gani."

Taubashi ya laluba aljihu ya zaro 'yar wayarsa mai tocila, wadda yake duba injin mota da ita. Bai yi tsiya ba ko ɗaya, ya miƙo mini. Na warware mayafina na lulluɓe mu ni da ita, kai da kai, muka yi ɗan duhunmu a tsakiyar rana. Ta kara dutsen a ido. Na kunna tocilar a bayansa, na matso da ita sannu-sannu.

Na ji numfashinta ya tsaya.

"Ja ne," ta ce. Sannan da ƙarfi, har kunnena ya yi ƙara, "Ke, ja ne! Ja wur! Kawo hannunki, sa shi nan gaba. Ga yatsunki nan jajaye! Kira min wancan tsohon in gan shi!"

Taubashi ya cuso kai cikin mayafin, hula ta faɗi. Ta dube shi ta cikin dutsen ta ce ko a ja ma bai yi kyau ba. Ni kuwa na yaye mayafi na rangaɗa guɗa, irin wadda ban yi ba tun bikin autata, har mai gona ya taho da gudu da fartanya a hannu yana tambaya ko maciji ne.

Ba ta nemi na biyu ba. Na ce ga wasu nan da yawa, yanzu ai na iya nunawa, ta ce a bar wa 'yan matan garin. A mota ta rufe ido tun daga Furfuri har Gusau. Taubashi ya ce, "Baiwa ta yi barci?" Ta ce, "Ina adana shi ne, kada ka dame ni."

Idon bai kai wata daminar ba, bayan an gama girbi ya rufe. Tana nan tare da ni har yanzu, a ɗakin da ke kallon nawa. Masu zuwa gaishe ta sukan yi mata jaje da duhu, sai ta ce su rage tausayi, nata duhun ba baƙi ba ne duka, in ta so tana kunna shi.

Ke fa, 'yar'uwa, da za a ce miki damina ɗaya ta rage wa idonki, ina za ki ce a kai ki?